Gidan Tela Mai 'Yan Wasa Uku

A unguwar Fagge, a gefen birnin Kano, akwai wani tela da ke zaune da matarsa, da mahaifiyarsa tsohuwa, da 'ya'yansa uku. Babban namiji ne, shekararsa 14. Ta biyu mace ce, shekararta 11. Sa'an nan sai auta, wanda bai cika 8 ba. Dukansu uku 'yan wasa ne. Babban ɗan ƙwallon ƙafa ne, watau abin da tsofaffi ke kira tamaula. Yarinyar gudu take yi wa makarantarsu. Auta kuwa ba abin da ya sani sai langa.

In mutum ya tsaya a bakin fili yana kallon ƙwallo, yara 22 zai gani, 11 nan, 11 can, da alƙalin wasa da usur a bakinsa. Ba zai ga wadda ta wanke rigunan ba, ba zai kuma ga wanda ya yi aiken da ya kamata yaran nan su yi ba. Waɗannan duk suna gida.

A gidan telan nan ba a barcin safe. Tun kiran salla na farko uwargida ke tashi ta hura wuta, domin ita ke yin koko da ƙosai na sayarwa a ƙofar gida. Kai wake markaɗe aikin babban yaron ne. To, kocinsu ya ce kowane yaro ya riƙa gudu da sassafe, shi kuwa ba shi da lokacin da zai ware domin gudu. Sai ya yi dabara. Ya bar injin da ke kusa da gida, ya riƙa zuwa wani mai nisa, da bokiti a hannu, a guje. Amma a komowa tilas ya yi tafiyar hawainiya, don in ya yi gudu ƙullu ya zube. Uwargida ta daɗe tana mamakin abin da ke sa ƙullu ya makara, mai ya yi zafi a kasko, masu saye suna jira. Da ta gane, ba ta ce kome ba, sai ta riƙa tashinsa da wuri kaɗan.

Da an karya kumallo su uku su nufi makarantar boko, ba su komowa sai bayan azahar. Bayan la'asar kuma ga Islamiyya, tun daga Asabar har Laraba. Saboda haka yammacin Alhamis da na Jumma'a kaɗai suka rage, sai kuma safiyar Asabar da ta Lahadi. Maigida ya ɗauki wata tsohuwar kalanda, ya juya bayanta, ya ja layuka da abin awonsa, ya rubuta wa kowa ranarsa da lokacinsa, kana ya rataye ta a zaure. In gardama ta tashi a kan wanda zai sayo gawayi, ko wanda zai tsayar da mai garuwa, ba a zuwa wurin kowa, sai a je gaban kalanda.

Duk da haka kalanda ba ta wanki. Babban rigar wasa ɗaya gare shi, ita ce ta Alhamis, ita ce ta Jumma'a. In ya komo da magariba ta yi jawur da ƙura, da dare za a wanke ta. Lokacin hunturu abin da sauƙi, kafin gari ya waye iska ta busar da ita. Da damina kuwa sai an shanya ta kusa da murhu, a bi ta da dutsen guga, ta tafi fili tana ƙaurin hayaƙi. Ga kuma cin abinci. Tukunyar da ta saba isar gidan har a bar saura don ɗumame, yanzu sai a kankare ta tun dare. Kakarsu takan ce ita ba ta taɓa ganin sana'ar da ake fita da ƙoshi a komo da yunwa, ba ko kwabo a aljihu, sai wannan.

Wasan auta ne ba ya cin kuɗi. Ɗan langa ba ya bukatar takalmi ko raga. Ya kama babban yatsan ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle a kan ɗayar, yana ture abokan gāba. Akan rabu kashi biyu, a zaɓi yaro guda a ce shi ne ruwa, 'yan'uwansa su kare shi har ya kai wurin da aka shata. Kada a rena langa don a lungu ake yin ta. Tana cikin wasannin gargajiya da ake yi a babban bikin wasanni na Nijeriya, wanda aka fara a Legas a 1973, tare da dambe da kokawa. Abin da langa ke ci shi ne wando. Ba a mako guda maigida bai sa wa wandon auta sabon faci ba, har ya zama ba a gane launinsa na asali.

Yarinyar kuwa tseren miƙa sanda take yi. 'Yan mata huɗu ke haɗuwa, kowace ta yi gudun mita 100, ta miƙa wa ta gabanta 'yar sanda, har su cika mita 400. Gudu ba shi ne wuyar wannan tsere ba, miƙa sandar ne, don in ta fāɗi ƙasa, kafin a ɗauka sauran sun yi nisa. Sanda ta makaranta ce, ba a zuwa da ita gida. Ran nan uwargida ta ɗora tuwo, ta yi talge, ta nemi muciya sama da ƙasa ba ta gani ba. Ashe tana can lungu, yarinyar da auta suna koyon miƙawa da ita. Waɗansu maƙwabta sun yi ta magana, wai me 'ya mace za ta yi da gudu. Maigida bai yi musu da kowa ba. Sai ya ɗinka mata dogon wando mai sauƙi, da ɗan ƙaramin hijabi wanda iska ba ta ɗaukarsa.

Shi kansa maigida mai son ƙwallo ne. Yana saurayi aka kafa ƙungiyar Kano Pillars a 1990, ya kuma sha zuwa filin wasa na Ƙofar Mata kallonta. Yana iya lissafa shekarun da ta zama zakara a Nijeriya ba tare da ya tsaya tunani ba: 2008, da 2012, da 2013, da 2014. In yana ɗinki yakan ba yaran labarin Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992, ya zo Kano ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar wasa guda, daga baya ya ci wa Nijeriya biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ƙara biyu a ragar Iceland a ta 2018. Amma in ya ga idon babban ya fara ƙyalli, sai ya tsai da keke, ya ce, "Kai, yara nawa ke buga ƙwallo a lungunan Kano yau da yamma?"

Yaro ya ce, "Ba su ƙirguwa, Baba."

"To, Ahmed Musa nawa ka sani?"

Don haka ya kafa doka, kuma dokar daidai ce. In sakamakon jarrabawa ya yi ƙasa, takalmi ya hau ƙusa. An kuwa yi haka sau ɗaya, da yaron ya fāɗi a lissafi. Wata guda cur takalmin na rataye a shago, bisa kan maigida, yaro na zaune ƙarƙashinsa yana aikin kasawa da ruɓanyawa, yana jin ihun abokansa daga fili. Bai sāke fāɗuwa ba.

Ana nan, sai wata Asabar ta zo da abu uku a haɗe. Ranar ce makarantar yarinyar za ta yi gasar guje-guje tsakanin gidajenta huɗu, ja da kore da shuɗi da rawaya. Ranar ce kuma za a gwada yara maza, a zaɓi waɗanda za su ci gaba da horo a babbar ƙungiyar yankin. Kowane yaro da ke wurin yana mafarkin wata rana ya buga gasar Kofin Ramat, wadda ake tara yara daga jihohi dabam-dabam a yi a Kano, don tunawa da Janar Murtala Muhammed, wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu, 1976. Na ukun kuwa, maigida ya karɓi ɗinkin ankon biki, ya yi alkawarin bayarwa Lahadi da safe.

Ran Alhamis da yamma takalmin yaron ya buɗe baki. Mai gyara ya juya shi, ya girgiza kai, ya ce sau biyu yana ɗinke shi, ba sauran inda allura za ta kama. Maigida ya lissafa abin da ke aljihunsa, ya ga ba za a biya shi kuɗin anko ba sai ya gama. Ya ce wa yaro ya nemi aro. Yaro ya zagaya, duk mai takalmi shi ma gwajin za shi.

Uwargida tana jin duk abin da ake yi, ba ta sa baki ba. Yaron nan ɗan farinta ne, tana jin kunyarsa bisa al'ada. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yabonsa gaban mutane, in za ta aike shi sai ta ce, "Kai!" Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta damu da shi ba. To, a makon nan ne ta kwashi adashi, wanda ta daɗe tana zubi don ta sayi sabon kaskon suya, na da ya fara yoyo. Da dare ta shiga ɗakin tsohuwa, ta kwance bakin zane, ta ce, "Inna, ga wannan. A ba wancan yaron, amma kada a ce daga ina ya fito."

Gari ya waye, tsohuwa ta kira shi, ta ce, "Zo nan, maigidana. Kai da ya kamata ka ba ni kuɗin cefane, ga shi ni ke ba ka. Maza ka tafi Ƙofar Wambai wurin 'yan gwanjo, kada kuma ka yarda da kuɗin da suka fara faɗa." Yaro ya dubi kuɗin, ya ga sun yi laushi, suna ƙanshin man ƙosai. Bai tambaya ba.

Saura maganar kallo. Mutum ɗaya ba ya zuwa fili biyu, balle mai anko a wuya. Maigida ya ce zai rufe shago awa biyu kaɗai, kuma wurin yarinyar za shi, domin ya sha ganin wasan wanta, ita kuwa ba wanda ya taɓa zuwa ya tsaya mata. Babban ya ɓata rai, amma bai yi magana ba. Aka haɗa shi da auta ya riƙe masa ruwa da silifa.

Yarinyar ita ce ta uku a jerin 'yan gidan kore, watau ita ke zagaya kwana. Sa'ad da sanda ta zo hannunta su ne na huɗu. Ta wuce ɗaya, ta wuce ta biyu, ta miƙa sanda cak a tafin ta ƙarshe, kamar yadda ta saba miƙa wa auta muciya. Gidan kore ya zo na biyu. Aka ba kowace littattafan rubutu da farantin roba. Maigida, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya a unguwa ba, sai da wani yaro ya tsinto masa hularsa a ƙasa.

A ɗaya filin kuwa, babban ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Sabon takalmi ya ɗan yi masa yawa, ya cusa takarda a gaba. Ya buga wata ƙwallo mai kyau, ta doki ƙarfen raga ta komo. Da aka tashi, aka tara su a inuwa, aka karanta sunaye. Ya kasa kunne har aka naɗe takarda, bai ji nasa ba. Koci ya dafa kafaɗarsa, ya ce jikinsa bai yi ƙwari ba tukuna, ya komo baɗi.

Ya shigo gida da takalmi rataye a wuya, ya tarar ana ta zagaya farantin roba ana sa albarka. Ya yi wa ƙanwarsa barka, ya wuce ɗaki. Auta ne ya ba da labari, har da ƙarin gishiri. Tsohuwa ta leƙa ta ce, "To, ango, tun da sun ƙi ka, ni ina so." Bai yi dariya ba. Da aka raba tuwo, ya sa hannu a kwanonsa, sai ya ji tsoka biyu a ɓoye ƙarƙashin miya. Ya ɗaga kai, uwargida ta juya baya tana gyara wuta.

Bayan lisha ya tafi shago. Ya tarar da uban ya kunna fitila yana taka keke, ga riguna tsibi ba a sa musu maɓalli ba. Ya zauna a benci, ya zare allura, ya fara sawa. Sun daɗe ba mai magana, sai ƙarar keke. Can ya ce, "Baba, ba a ɗauke ni ba."

Maigida ya ce, "Na ji. Miƙo mini almakashi." Ya yanke zare, ya karkaɗe riga, ya ninke. Sa'an nan ya ce, "Ran Alhamis ƙarfe nawa za ku fita?"

"Huɗu da rabi."

"To. Sa maɓallin nan daidai, ya karkace."

Sai wajen sha biyun dare suka komo gida. A tsakar gida suka ga an wanke rigar wasa an shanya, an kuma goge takalmin an jingine shi a bango. Kusa da shi ga bokitin wake, an rufe da faifai, yana jiran asuba.