Ranar da aka ce ƙuri'a za ta raba magani

Bayan sallar asuba, ina naɗe darduma, mijin ƙanwata ya tsaya a ƙofar masallaci da takardu a hannu, idonsa ja. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya Malam, ka duba min wannan. Caca za su yi da ran matata." Wata biyar ke nan da aka tabbatar ƙanwata tana da sankarar mama, tana zuwa wani asibitin koyarwa a Legas. Likitanta ya ce akwai gwajin wata sabuwar ƙwaya, in tana so ta shiga. Za a raba marasa lafiya gida biyu, kwamfuta ce za ta jefa ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su sabuwar ƙwayar, ɗaya kashin a ba su wadda ta yi kama da ita amma babu magani a cikinta. Kuma wai shi likitan da kansa ba zai san wa ke shan wacce ba.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma raina ya ɓaci. Duk Bahaushen da ya kai shekaruna yana tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka shekara da shekaru ana shari'a. Tun daga nan kalmar "gwaji" ta zama abin gudu a wurinmu, kuma ban ga laifin kowa ba.

Amma na ce masa ya bari mu je tare. Muka ɗauki ɗana da ya fi mu Turanci, muka kama hanya daga Shagamu.

Abu na farko da likitan ya warware shi ne wanda ya fi tsorata mu. Ya ce, "Alfa, babu wadda za a bari hannu rabbana. Kowacce za ta samu cikakken maganin da ake bayarwa yau. Sabuwar ƙwayar ƙari ce a kai." Wato kashin da ake kira na kwatance ba zaune suke suna jiran mutuwa ba, su ne mudun da za a auna sabon maganin da shi. Na ce, to in sabon ya fi, ai an cuci waɗanda ba su samu ba. Ya ce da mun san ya fi, da haramun ne mu yi gwajin. Ba mu sani ba. Yana iya fi, yana iya zama daidai, yana iya cutarwa.

Nan ne fa sana'ata ta faɗo min a rai. Shekara talatin ina cinikin goro, kuma mu ma muna da sankararmu, wadda ke cin goro ta ciki ka fasa ka tarar da ruɓa. Wata shekara wani ya kawo mana wani garin magani, ya ce in an barbaɗa a huhu sankara ba za ta shiga ba. Na saya na zuba a kayana duka. Aka yi sa'a goro ya fita lafiya, na shiga yabon garin nan a kasuwa, har na sa mutum huɗu suka saya. Sai daga baya na ji maƙwabcin rumfata, wanda bai zuba komai ba, shi ma goronsa lafiya ƙalau. Ashe shekarar ce ta zo da sauƙi. Da na bar huhu goma ban zuba ba, da na gane tun da wuri. Ni dai asarar kuɗin gari na yi. Su likitoci in suka yi irin kuskurena, rai ake biya.

Kuma sun taɓa yi. Likitan ya ba mu labarin abin da ya faru a Amurka daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, ɗana ya ƙara bincika mana daga baya. An yi ta yayata cewa matan da sankarar mamansu ta yi nisa za su tsira in aka ɗura musu kemo mai tsananin ƙarfi, wanda ke ƙone ɓargo, sannan a mayar musu da ɓargon da aka ɗiba aka ajiye. Likitoci suka yarda, jaridu suka ɗauka, mata suka kai kamfanonin inshora kotu don a biya musu. Da aka so a yi gwaji na ƙuri'a, da yawa suka ƙi shiga, don kada su faɗa kashin kwatance a hana su "maganin gaske". Daidai maganar surukina ke nan. Sama da mata 30,000 aka yi wa wannan aiki. Da sakamakon gwaje-gwajen ya fito a 1999, sai aka ga bai ƙara musu kwana a kan kemo na yau da kullum ba, wasu ma wahalar maganin ce ta kashe su. Mutum ɗaya ne ya kawo sakamako mai kyau, wani likita a Johannesburg mai suna Werner Bezwoda, kuma a 2000 da aka je duba takardunsa aka tarar ƙarya ya shirya, jami'arsa ta kore shi. Me ya sa tun farko abin ya yi kama da nasara? Saboda matan da suka fi ƙarfin jiki ake zaɓa, tun da su ne za su iya jurewa. Waɗannan ko da wane magani za su fi daɗewa. Ƙuri'a ita ke cire hannun likita daga zaɓen, kada ya tura masu ƙarfi gefe guda ko da bai yi niyya ba.

Batun rufe wa likita ido kuwa bai ba ni wuya ba. Ka ba dillali goro biyu ka ce wannan na ubangidansa ne, wallahi harshensa zai ji ya fi daɗi, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba. Likitan da ya sa rai a sabon magani haka zai karanta hoto, haka zai saurari kukan mara lafiya. Ita ma in ta san ƙwayar banza take sha, za ta karaya ko ta fice. Ya ce mana ba kowane gwajin kansa ne ake iya rufewa ba, don wani maganin da kansa yake tona asirinsa, gashi ya zube ko fata ta yi ƙuraje, tiyata kuma ba a ɓoye ta. A irin wannan sai a kai hotunan wurin wasu likitocin da ba su san kashin kowa ba. Sannan akwai kwamiti na daban da ke leƙa sakamakon lokaci-lokaci, yana da ikon tsayar da komai in cuta ta bayyana ko amfani ya fito fili. In wani abu na gaggawa ya taso, ana buɗe lambar a ga abin da take sha.

Saura tambayar da aka kawo min a matsayin mai jan sallah. Ni ba mufti ba ne, karatuna na Islamiyya ne da zaure. Abin da na sani, ƙuri'a ba caca ba ce. Da ita aka raba gardamar wanda zai riƙi Nana Maryam, an yi ta a jirgin Annabi Yunusa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ta tsakanin matansa in zai yi tafiya. Ana komawa gare ta ne in haƙƙi ya yi daidai, babu mai hujjar fifita wani. Ƙwayar da babu magani kuwa, da a ɓoye aka ba ta, ha'inci ne ƙarara. Amma an faɗa mata tun farko, an rubuta, an ce duk ranar da ta ga dama ta fita maganinta na asali ba zai tsaya ba. Abin da na nace a kai shi ne a fassara mata takardar da Hausa, layi bayan layi, ita ta ji da kunnenta. Sai da muka koma sau biyu kafin aka samo mai fassara, kuma wannan bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Mun yi ta magana a kanta mu maza uku, har sai da ta ce, "Yaya, ai jikina ne, ku bari in faɗi nawa." Ta yi istihara kwana uku, ta sa hannu.

Yanzu wata na huɗu ke nan. Rannan mijin ya zo min a asirce, wai ya samu wani mai kemis da zai fasa ƙwaya ɗaya ya duba masa ko ta gaske ce. Ban kai ga ba shi amsa ba labari ya isa kunnenta, ta ƙwace kwalbar ta kulle a akwatinta, ta ce an ƙirga mata su kuma a ƙirge za ta mayar da lissafi. Ranar Talata mai zuwa za a sake ɗaukar hoto. Masu karatu, a sa ta a addu'a.