Sau nawa za a sake gwadawa?

Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Dogon Dutsi. Bara na rubuta wata ƴar manhaja da harshen Python don ta riƙa tura wa iyaye makin ƴaƴansu ta waya. Damuwar ita ce rezo: yanzu yana nan, an jima ya ɗauke. Da ya ɗauke sai manhajar ta tsaya cak.

A Python akwai try da except: ka gwada aiki, in ya faskara ka cafke kuskuren. Amma babu kalmar da ke cewa a koma a sake. Harshen Ruby, wanda Yukihiro Matsumoto ya fitar a 1995, yana da ita, wato retry. Sai na haɗa tawa dabarar: duk saƙon da ya ƙi tafiya, a yi ta tura shi har ya tafi.

Da safe na tarar da ita kan saƙo guda tun bayan isha'i. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce, wannan kuwa 7 na rubuta. Ko shekara za ta yi tana gwadawa ba zai tafi ba, ga iyaye 40 a bayansa ba su sami komai ba.

Gyara uku na yi. Ta bambance kuskuren da jira ke magancewa, irin ɗaukewar rezo, da wanda sai an sa hannu. Ta riƙa dakatawa tsakanin gwaji: daƙiƙa 2, sai 4, sai 8. In ta gwada sau 5 bai yiwu ba, ta sanar da ni, ta wuce gaba.

A makon ne na lura da wata yarinya da ke maimaita aji. Benci ɗaya a can baya, malami ɗaya, bayani ɗaya, muna ta jiran sakamako ya canza. Na ce ta karanto abin da ke kan allo, ta yi shiru. Ashe ba ta hango shi. Shekara guda ba wanda ya tambaye ta, har da ni.

Na dawo da ita gaba, na kira mahaifinta kan a duba mata ido. Ya ce, "Mushe, mu da muke cewa wasa ne ya yi mata yawa."

Malamai da iyaye, kafin mu ce wa yaro ya sake, mu fara binciko abin da ya kayar da shi. In bai wuce jira ba, a yi haƙuri. In lambar ce ba daidai ba, gyaran namu ne.