Kajin Kalalatu

Mun taso a gidan da littafi ɗaya ya zaga hannun kowa har bangonsa ya rabu da shi, wato Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Bayan sallar isha'i Yaya kan karanta mana a gindin fitilar ƙwai, mata suna ɓarar gyaɗa suna saurare. In aka zo labarin Kalala da Kalalatu, inda matar ta cinye kajin da aka tanadar wa baƙo, Gwaggo takan ajiye ƙwarya ta rantse cewa ta san wata mai irin wannan hali a ƙauyensu. Har unguwar takan faɗa.

Sai da na shiga jami'a na ji malaminmu na adabi yana bayanin inda labarin ya fito. Tatsuniyar Jamusawa ce, cikin waɗanda 'yan'uwan nan Grimm suka tattara. A can kuku ce da ubangidanta, Imam ya mayar da su mata da miji. Rupert East, jami'in Hukumar Talifi a Zariya, shi ya tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, irin su Alfu Laila, daga nan Imam ya zauna ya rubuta littafin da ya fara fitowa a 1937. Shi kansa akun da ke ba da labari a littafin yana da dangi a tsofaffin hikayoyin Indiya.

Ranar ajin ya rabu biyu. Wasu suka ce ashe duk kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ni dai ban ga abin da ya ragu ba. Yadin na waje ne, amma ɗinkin na gida ne. Fadar da ke cikin littafin tamu ce, da wazirinta da dogaranta, haka gaisuwar mutanensa da baƙar maganarsu da yadda suke sako karin magana a tsakiyar faɗa. Imam, mutumin Kagara, shi ne ya saurari Hausawa da kunnen basira, sannan ya ɗauki alƙalami.

Da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano a shekarun 1990, aka riƙa zargin marubutansu da kwaikwayon finafinan Indiya. Na karanta da yawa a lokacin. Waɗanda suka gundure ni su ne masu saurayi da budurwar da ke zance da bakin da ban taɓa ji a zauren kowa ba. Akwai kuma waɗanda suka ari zubin labari, amma kishin da ke ciki da zafin auren dole na gidajenmu ne sak, kuma su ne mata suka riƙa ara wa juna har takardunsu suka yage.

Shi ya sa yanzu in matashi ya kawo mini rubutunsa, ba na tambayarsa inda ya samo labarin. Nakan sa shi ya karanta hirar da ke ciki da ƙarfi, mu ji ko haka amarya za ta amsa wa surukarta.