Ciwon Damuwa Da Maganganun Zuci

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin abin da ya same ni bara, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙauye. Na daɗe ina jin kunyar faɗinsa, amma na ga ɓoye ciwo ba ya warkar da shi.

Ran nan ina koyar da lissafi, sai malamin da ke duba mu ya shigo. Na rikice, na rubuta amsar da ba daidai ba a kan allo, wani yaro ya ɗaga hannu ya gyara mini, aji duka ya fashe da dariya. Da aka tashi, malamin ya ba ni takarda mai magana biyar, huɗu yabo, ɗaya gyara. Ni kuwa ɗayan nan kaɗai idona ya gani.

Daga nan abu ya soma. Sai in farka da ƙarfe uku na dare in yi ta juyi har gari ya waye. Tuwo ya daina yi mini daɗi, na rame har wandona ya yi mini yawa. Ƙwallon da na ke so na bar bugawa. In karanta shafi guda sau uku, ban san abin da na karanta ba. Kullum gajiya, kullum ina ce wa kaina na ɓata kuɗin da ubana ya sayar da awaki ya biya mini. Har wani dare tunani ya zo mini cewa da ba na duniya da kowa ya huta. Abokai suka ce lalaci ne, gwaggota ta ce sammu ne.

Bayan mako shida abokin ɗakina ya matsa mini, muka tafi wurin likita. Likita ya ce wannan ciwon damuwa ne. Ya ce alamunsa tara ne, in mutum ya haɗa biyar har mako biyu, kuma a cikinsu akwai baƙin ciki ko rashin jin daɗin kome, to, abin ya wuce ɓacin rai, ya zama ciwo.

Da na ɗan farfaɗo, sai na koma kan littattafanmu na ilimin halayyar ɗan Adam, na tarar da kaina a ciki. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Aaron Beck, ya bayyana a littafinsa na 1967 cewa mai wannan ciwo yana da mugun zato iri uku: game da kansa, da duniya, da gobe. Watau ni ba kome ba ne, kowa ya raina ni, kuma haka zan tabbata. Ya ce zuciya takan yi kurakuran tunani, kamar ɗaukar abu guda a bar sauran, ko a mai da kuskuren rana ɗaya hukuncin dukan rai. Ashe abin da na yi da takardar malamina ke nan. Albert Ellis, shi ma Ba'amurke, ya ce tsakanin abin da ya faru da abin da mutum ya ji akwai abin da ya gaskata. Abokina ya yi kuskure irin nawa a nasa aji, ya yi dariya tare da yara ya wuce, gama bai ɗauka cewa dole malami ya zama marar kuskure ba.

Kada ku ce tunani ne kaɗai sanadi. Akwai gado, da rashin lafiyar jiki, da talauci, da mutuwar wani naka, kuma wani lokaci ciwon ne ke haifar da mugun tunanin. Waɗansu sai da magani su ke samun sauƙi. Ni dai an koya mini in rubuta zaton da ya zo mini, sa'an nan in tambaye shi shaida kamar alƙali. Sannu a hankali barci ya dawo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken Martin Seligman na 1967. An sa karnuka cikin wahalar da ba su da ikon kauce mata, daga baya aka buɗe musu hanya, amma da yawa suka kwanta ba su ko gwada ba. Sai na tuna da wani yaro a ajina wanda ya daina ɗaga hannu, domin an saba ce masa daƙiƙi, ni ma na taɓa faɗa masa haka.

To, 'yan'uwa, gobe mu ne masu riƙe da alli. In yaro ya kuskure, ku ce masa wannan lissafi ne bai yi daidai ba, zo mu sake. Maganar da malami ya faɗa da safe, ita yaro ke maimaita wa kansa da dare. In kuwa kun ga ɗan'uwanku ya bar ci, ya bar wasa, ya keɓe kansa, kada ku yi masa ba'a. Ku zauna da shi, ku raka shi wurin likita, kamar yadda aka yi mini. Allah ya ba mu lafiya, amin.