Muryar Madugu a Katin Waya

Timiya dausayi ne a tsakiyar duwatsun Abzin, tazarar fiye da kilomita 200 arewa maso gabas da Agadas. An san garin da lambunan lemo da rumman da dabino, an kuma san mazajensa, Kel Ewey, da ayarin gishiri: su tafi Bilma su ɗauko kantu, su gangaro ƙasar Hausa su musanya da gero. Harshen gida Tamajak ne, amma wanda ya shekara da shekaru yana sauke kaya a kasuwannin Damagaram ba ya rasa Hausa a bakinsa. Wannan Hausa ta ayari ce wani ɗalibin ilimin harsuna, ɗan asalin garin, ya ƙudurta nazarta, kuma mafi tsadar hujjojinsa ita ce muryar kakansa, tsohon madugu da ya riga mu gidan gaskiya. Hira ce ta minti 40 da wani ƙanensa ya ɗauka da ƙaramar waya mai maɓallai, ta zauna a katin ajiya cikin waƙoƙin jita da karatun malamai.

Da ɗalibin ya buɗe fayil ɗin a VLC, murya ta fito ba gardama, har da tarin tsohon da kukan akuya a bayan gida. Sauƙin nan yana ɓoye aiki. Lasifika bai san MP3 ba, bai san AMR ba, wato tsarin da irin waɗannan wayoyi kan adana murya da shi. Manhajar saurare ce ke kwance ƙunshin nan take, ta mayar da shi jerin lambobi tsagwaronsu, a daidaita su da ƙa'idar kwamfuta, galibi awo 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa, duk wannan yayin da mai saurare ke kishingiɗe. Tafinta ce da ba ta taɓa cewa an ba ta guntuwar magana. Abin da ta samu shi take isarwa, da fuska a sake.

Don ya auna sautukan a Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amstadam, ɗalibin ya juya fayil ɗin zuwa WAV mai awo 44,100. Girmansa ya ninka fiye da sau 50, amma hoton sautin ya nuna gaskiya: daga hatiz 4,000 zuwa sama fili ne fetal. Dalili kuwa lissafi ne. AMR na tsofaffin wayoyi awo 8,000 yake ɗauka a daƙiƙa, kuma ɗauka ba ta iya riƙe sautin da ya wuce rabin adadin awonta. A aikace ma wajen 3,400 ake yanke shi. An zuba mudu ɗaya a babban buhu, bai zama tiya goma ba.

A nan asarar ta shafi binciken kai tsaye. Ɗalibin ya so ya gano yadda tsohon ke furta /ts/ ta Hausa, tunkuɗau da Tamajak ba ta da shi. Amma mafi yawan ƙarfin zuzau irin /s/ yana sama da 4,000 ne, daidai inda wayar ta zubar tun ranar hirar. Kunnen jika yana jin "tsamiya" sarai, domin ya san kalmar, ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbi ba tare da neman izini ba. Malamin da zai duba kundi ba zai karɓi shaidar kunnen da ke ƙaunar mai magana ba, kuma yana da gaskiya.

Sai dai ba komai ya tafi ba. Karin sauti ya tsira, domin an ƙera AMR ne don maganar ɗan Adam, kuma hawa da saukar murya na cikin abubuwan da yake kiyayewa. Tamajak ba harshe ne mai karin sauti irin na Hausa ba, saboda haka tambayar ko madugun ya riƙe karin Hausa ko ya ɗora mata nauyin gaɓa irin na harshensa tana nan da amsarta. Wasula ma sun tsira. Baƙaƙen Tamajak masu kauri, irin su /ḍ/, sukan danne wasalin da ke maƙwabtaka da su, alamar kuma tana ƙasa da 3,400. Ke nan ana iya bincika ko /ḍ/ ta gida tsohon yake sawa a gurbin /ɗ/ ta Hausa, muddin an faɗa a fili cewa awon daga AMR ya fito, tunda tsarin kan ɗan taɓa siffar wasalin shi ma.

Wani abu da ɗalibai kan rikita shi ne kwafi da juyi. Tura fayil ta Bluetooth daga waya zuwa waya, kamar yadda waƙoƙin Mdou Moctar suka zaga Sahara kafin duniya ta san shi, ba ya rage ko ƙwayar sauti. Juyawa daga tsari mai zubarwa zuwa wani mai zubarwa, AMR zuwa MP3 misali, shi ke ƙara yanka a kan yanka. Saƙon murya na WhatsApp, da ke tafiya da tsarin Opus, ya fi AMR faɗi nesa ba kusa ba, amma shi ma zubarwa yake yi.

Ɗalibin ya ajiye fayil ɗin asali a wuri uku bai taɓa shi ba, ya rubuta a gefen na WAV daga inda aka juyo shi. Babin kakansa ya koma kan karin sauti da wasula. Batun /ts/ kuwa ya bar wa madugai biyu da ke raye a Timiya, waɗanda zai ɗauka da rakoda a tsarin WAV idan ya je gida lokacin tsinkar lemo.