Ni Da Jakar Bango A Birnin Foshan

Duk wanda ya taɓa yin musabaha da ni, in dai mai lura ne, zai ga cewa idan na dunƙule hannuna na dama, ƙashin nan da ke tasowa a gindin ƙaramin yatsa ba ya fitowa kamar sauran 'yan'uwansa, ya lotsa ciki. Kwanakin baya wani ɗan yayata, yaro ɗan shekara 16, ya zo gaishe ni, sai na ga bayan hannunsa duk ya kumbura ya yi jini-jini. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce wai ƙarfafa hannu yake yi, ya ga wani a waya yana naushin bango, shi ma kullum sai ya yi wa katangar bayan gidansu naushi 200. Na zaunar da shi na ba shi labarin wannan ƙashi nawa, shi ne kuma na ga ya dace in rubuta, ko Allah zai sa wani ya tsira da hannunsa.

Ni dai sana'ata sayar da tayil ce, ita ce kuma ta kai ni ƙasar Sin. Na zauna a birnin Guangzhou, a unguwar Xiaobei inda 'yan kasuwar Afirka suka fi taruwa a lokacin, amma kusan kullum ina hanyar Foshan, domin nan ne cibiyar kamfanonin tayil. Garuruwan biyu a manne suke da juna, tun shekarar 2010 ma akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa su. Wata rana a ƙarshen 2015, wani dillali da nake jira ya saɓa mini alkawari, sai na sauka a tashar Zumiao na shiga tsohon wurin tarihin nan don in rage lokaci. A ciki na tarar da wani zaure da aka keɓe don tunawa da Ip Man, mutumin Foshan ɗin nan da aka haifa a 1893, ya koma Hong Kong a 1949, ya koyar da salon faɗan da ake kira Wing Chun har ya rasu a 1972. Cikin ɗalibansa akwai Bruce Lee, wanda muna yara muke kira Burusli.

Mai karatu, in kai ma ka tashi a zamanin gidan kallon bidiyo, ka san yadda muke fitowa daga fim ɗin 'yan Chana muna ihu muna harbin iska. To, ashe wannan yaron bai mutu a cikina ba, ko da yake a lokacin na haura shekara 30. Kafin mako biyu na sami wata 'yar makaranta a saman wani tsohon bene, na biya kuɗin wata, na zama ɗalibi.

Malamin dattijo ne siriri, ba shi da wani jiki na a zo a gani, kowa yana ce masa Sifu, wato malam a harshen mutanen yankin. Ba ya jin Turanci, ni kuma ba na jin yarensu sai na ciniki, don haka wani saurayi cikin ɗaliban ne ke mana tafinta. A ɗakin akwai gunkin katakon nan mai hannuwa uku da ƙafa ɗaya da ake gani a finafinai, shi idona ya fara sauka a kai. Amma Sifu bai bar ni na ko taɓa shi ba. Sai ya ja ni jikin bango, ya nuna mini wata jaka ta yadi mai kauri irin na tanti, an ɗinke ta gida uku a jere daga sama zuwa ƙasa, kowane gida kamar ƙaramin matashin kai, an kafe ta da ƙusa. Na sa hannu na latsa, na ji wani ƙaramin koren wake ne a ciki. Wasu suna cika tasu da shinkafa. Wanda ya daɗe yana yi yakan koma yashi, tsofaffin hannu kuwa akwai masu zuba 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe kamar na boris.

Ya gyara mini tsayuwa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna kallon juna, baya a miƙe. Ya dunƙule mini hannu a tsaye, babban yatsa na sama, gwiwar hannu tana kallon ƙasa, ya ce naushin ya fito daga tsakiyar ƙirji ya tafi kai tsaye, ya sauka da ƙasusuwa uku na ƙasa, wato na yatsan tsakiya da mai bi masa da ƙaramin. Wannan ya bambanta da 'yan karate na Okinawa, waɗanda ke naushin wani katako da aka naɗe da igiya mai suna makiwara, su da ƙasusuwa biyu na sama suke sauka. Sannan ya ce in yi naushi 30 da kowane hannu, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Na yi. Ya ce shi ke nan na yau.

Wallahi raina ya ɓaci. Na baro kasuwa, na shiga jirgi, na hau bene, don in shafa wa wake hannu sau 60? Na ce wa tafinta ya tambaye shi yaushe zan fara bugawa da ƙarfi. Sifu ya yi dariya, ya ce in buga da ƙarfin nawa sau ɗaya ya gani. Na tattara ƙarfina na kai wa jakar naushi. Sai ga wuyan hannuna ya lanƙwashe, kafaɗata ta ɗaga, ni kaina na yi baya taku guda. Ya ce, to ka gani, jakar da ke rataye da igiya tana gudu in ka buge ta, tana rufa maka asiri. Wannan kuwa bango ne a bayanta, duk abin da ka ba shi zai dawo maka da shi, kuma zai bi ta inda ka fi rauni. In wuyan hannunka a karkace yake, nan zai tsaya. In gwiwar hannunka ta buɗe, kafaɗa za ta sha. In komai ya daidaita, ƙarfin zai ratsa jikinka ya sauka ƙasa ta dugaduganka. Ya ce aikin jakar na farko ke nan, ta nuna maka kuskurenka, taurin hannu kuwa daga baya yake biyowa.

Bayan kowane darasi akwai wani ruwan magani baƙi-baƙi da suke shafawa, suna kiransa dit da jow, saiwoyi ne da ganyaye da ake jiƙawa cikin giya tsawon watanni. Da na ji da abin da ake jiƙa shi sai zuciyata ba ta kwanta ba, ko da yake shafawa ake yi. Na zo da man kaɗanyata daga gida na nuna wa Sifu. Ya shinshina, ya ce ba laifi, in dai zan zauna in murza kowace gaɓa sosai, in kuma ba hannun hutu duk ranar da na ga kumburi ko fata ta fashe.

Wata huɗu na yi ina bin doka. Daga 30 aka kai ni 50, daga nan 100. Bayan hannuna ya soma yin kanta, zafin da nake ji da farko ya ragu ƙwarai. A nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Na ce a raina, tunda ba na jin zafi ai hannu ya nuna, tsohon nan jan rai kawai yake yi mini don in yi ta biyan kuɗin wata. Na sayi jakata a kasuwa, na kafe ta a bangon ɗakina, na cika ta da yashin gini har da 'yan tsakuwoyinsa, na danna ta ta yi tauri kamar bulo. Kullum da dare sai na yi mata 300, wani lokaci 400, ban gaya wa kowa ba. Sifu ya taɓa kama hannuna ya juya shi, ya dube ni, ya ce wa tafinta, ka gaya masa fata tana saurin koyo, ƙashi kuwa daƙiƙi ne. Na yi murmushi kawai, ban ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Sai shekarar 2016 ta zo da abin da ta zo da shi. Darajar Naira ta faɗi warwas, kayan da na ɗauka bashi da lissafin Dala suka kusa ninka kuɗinsu a kaina, abokin hulɗata na gida da na tura wa kwantena biyu kuma ya daina ɗaukar wayata. Wani dare cikin watan Yuli, bayan na kira shi ya fi sau goma, na ajiye wayar na tashi na fuskanci jakar nan. Babu tsayuwa, babu gwiwar hannu a ƙasa, babu komai cikin abin da aka koya mini. Na rinƙa kai mata naushi ta gefe irin na faɗan tasha, ina ganin fuskar mutumin a jikinta. Ban san ko na nawa ba ne na ji wani ƙas! Cikin minti kaɗan bayan hannuna ya haye kamar an hura balan-balan.

Washegari a asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya nuna mini inda dogon ƙashin da ke riƙe da ƙaramin yatsa ya karye, dab da kansa, ya sunkuya ciki. Ya ce a littattafansu sunan wannan karaya ma karayar ɗan dambe, amma ƙwararrun 'yan dambe ba su cika yin ta ba, an fi ganin ta ga wanda ya naushi bango ko ƙofa cikin fushi. Ya tambaye ni, da wa ka yi faɗa? Kunya ta hana ni amsawa.

Zaman jinyar nan ne ya sa na nemi sanin abin da nake wasa da shi. Hannun ɗan Adam, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, ƙasusuwa 27 ne: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu, kuma duk ƙanana ne. Gaskiya ne ƙashi yana ƙara ƙwari idan ana ɗora masa nauyi daidai gwargwado, wani likitan Jamus mai suna Julius Wolff ya yi bayanin haka tun 1892. Sai dai jiki yana yin wannan aiki ne ta hanyar rushe tsohon ƙashi kaɗan-kaɗan yana gina sabo, abin da ke cin watanni, kuma a lokacin hutu ginin ke tafiya. Idan duka ya fi ƙarfin gini, maimakon ƙwari sai rauni ya taru. Guringuntsin da ke lulluɓe da kan gaɓoɓi kuwa ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa in ya lalace da wuya ya koma yadda yake. Ragin zafin da na ji har na ɗauka hannu ya nuna, fata ce ta yi kanta, jiki kuma ya saba. Ƙashin yana nan kusan yadda yake. Abin da Sifu ya faɗa mini ke nan a jimla ɗaya, na ƙi ji.

Mako shida hannuna yana ɗaure. Sai a lokacin na san yawan abin da hannun dama ke yi mini. Cin abinci ya zama aiki, sa hannu a takardar kaya ya gagara, maɓallin riga sai na roƙi maƙwabci. In na haɗu da 'yan'uwa a masallacin Juma'a suka miƙo hannu, sai in miƙa musu tsintsiyar hannu ina ba da haƙuri. Bashin da ya sa ni fushi kuwa ko kwabo bai ragu ba, sai ma kuɗin asibiti da ya hau kansa. Mahaifiyata da ta ji labari a waya cewa ta yi, kai yanzu da girmanka bango kake duka? Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Bayan an kwance ɗaurin da kamar wata biyu, na tattara ƙarfin hali na koma makarantar. Na zaci zai kore ni, ko ya yi mini faɗa a gaban yara. Ya karɓi hannun, ya daɗe yana latsa wurin da ya lotsa, ya sa na buɗe yatsu na rufe sau da yawa. Sannan ya tashi ya ɗauko wata tsohuwar jaka mai shinkafa, wadda ake ba ƙananan yara, ya rataye mini. Ya ce naushi 10. Ya ƙara da cewa, duk ranar da ka zo da fushi a cikinka, ka gaya mini, ranar ba za ka taɓa jaka ba, tsayuwa kawai za ka yi. Ya nuna mini nasa hannun, na mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana wannan abu: ba kumburi, ba karkacewa, yana riƙe ƙaramin kofin shayi da yatsu biyu ba ya rawa. Ya ce hannun da ba zai iya riƙe alƙalami a tsufa ba, an cuce shi.

Na ci gaba da zuwa har na baro ƙasar a 2018. Ban zama gwani ba, ban kuma taɓa kai wa ga jakar ƙarfe ba, ko yashi ban sake komawa ba. Bashin nan na biya shi a hankali cikin shekara biyu da wani abu, kusan yadda aka so in bi da jakar tun farko. Yau a bangon ɗakina akwai jaka mai gida uku cike da farin wake, ina yi mata 50 da kowane hannu bayan sallar asuba, kwana uku ko huɗu a mako. Lokacin sanyin hunturu wurin karayar yakan yi mini tsami, ya tuna mini da daren nan.

Shi kuwa ɗan yayar tawa, na hana shi taɓa katanga, na sa an kai shi an duba hannun, Allah Ya taimaka babu karaya. Na ce masa in kumburin ya sace ya zo, zan ɗinka masa tasa jakar in zuba shinkafa, mu fara da 10. Ya ɓata fuska ya ce, Kawu, goma kacal? Na miƙa masa hannuna na dama na ce ya dunƙule shi ya ƙirga ƙasusuwan da yake gani. Ya ƙirga uku, ya yi shiru.

Ban sani ba ko zai dawo ranar da muka yi da shi, ko kuwa zai koma bayan gida inda ba mai ganinsa. Allah Ya shirya mana yaranmu, Ya ba mu haƙurin bin abu a sannu, amin.