Zaurance da Sawun Ƙafa

Mu da muka tashi a Maruta mun san zaurance tun kafin mu san wayar salula. A cusa wata gaɓa a tsakiyar kowace kalma, sai magana ta rikiɗe, na kusa da kai ya saki baki bai tsinci komai ba. Amma fa tsofaffinmu ba su taɓa wahalar da kansu wajen koyonsa ba. Idan saurayi ya aiki yaro gida ɗaya sau uku a yini, da almuru kuma aka hangi inuwarsa a ƙofar zauren, to ko da yaren aljanu suka yi zancen, gari ya riga ya san inda aka dosa.

Wannan dabara ta tsofaffi ita ce yau manyan malamai ke nazari a jami'o'in duniya. Salula ta shigo Nijeriya a 2001, a 2016 kuma WhatsApp ya kulle saƙonnin jama'a ta yadda shi kansa kamfanin ba ya iya karantawa. Muka ce shi ke nan, asiri ya rufu. Ashe saƙo ba a dunƙule yake tafiya ba, yayyanka shi ake yi ƙulli-ƙulli. Kullewar tana ɓoye abin da ke cikin ƙulli, amma ba ta ɓoye girmansa, da lokacin fitarsa, da inda ya nufa.

A 2011 wasu masana a Jami'ar North Carolina ta Amurka sun nuna cewa a wasu hanyoyin kira ta intanet girman ƙulli yana bin sautin da baki ya furta, har suka iya tsinto wasu kalmomi daga hirar da ke kulle. A 2016 wasu kuma na Oxford da Padua suka gwada manhajoji 110 na Android, suka tarar kowace da irin takunta, ana gane ta ba tare da an buɗe komai ba. Mai bin sawun ɓarawon shanu a dajin Gwaram ba zai yi mamakin wannan ba.

To, mu marubuta ina ruwanmu? Da ruwanmu mana! Har yanzu a littattafanmu kishiya laɓewa take yi a bayan labule, ko a tsinci wasiƙa a ƙarƙashin matashi. Alhali tun Disamba 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, wato sawun ma yanzu da sunan mai shi. Yarinyar da aka hana ta kula wani, ko ɗan jaridar da ke ɓoye wanda ya tsegunta masa labari, jerin kiran da suka yi da tsakar dare ya isa ya tona su. Ga labari kwance, mun bar shi muna ta maimaita labule.

Su masanan sun kawo magani, suna kiransa ciko. A cika kowane ƙulli da shirme har girmansu ya zo ɗaya, a riƙa aika na bogi ko da babu abin faɗa. Sai dai shirmen nan data yake ci, batir yake sha. Mutumin da ke sayen data ta kwana ɗaya, ya kai wayarsa shagon caji a kasuwa ya biya, shi ne za a ce ya ƙara kuɗi don aika saƙon da babu komai a cikinsa.